Hoton asibiti a binciken ciwon baya

Hoton asibiti a binciken ciwon baya shi ne amfani da na'urorin da ke nuna cikin jikin mutum, kamar eksire, siti-sikan, hoton maganaɗisu da aka fi sani da MRI, da kuma sikanin, domin gano abin da ke jawo ciwo a ƙashin baya, ko domin yi wa allura jagora har ta isa daidai inda ake son kai magani. Reshe ne na rediyoloji, wato ilimin hoton asibiti. Binciken da aka yi tun daga shekarun 1990 ya nuna cewa hoto ba ya taimakon mafi yawan masu ciwon baya, domin abubuwan da yake nunawa ana samun su har a bayan mutanen da babu abin da ke damun su. Amma akwai 'yan tsiraru da ciwon bayansu alama ce ta tarin fuka, kansa, karaya ko matsewar laka, kuma hoton da aka ɗauka da wuri shi ke raba su da shanyewar ƙafafu. A yankuna irin na Birnin Kebbi da Argungu a kwarin Rima na Jihar Kebbi, inda aikin ƙarfi ya yi yawa kuma na'urori masu tsada ba su wadata ba, babban aikin likita shi ne tantance wanda ya kamata a tura hoto da wanda bai kamata ba.

Yawan ciwon

Ƙididdigar da mujallar The Lancet Rheumatology ta wallafa a 2023 ta nuna cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya a shekarar 2020, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. Idan aka auna da shekarun da mutane ke yi cikin naƙasa, babu cutar da ta kai shi. A Afirka, nazarin da Linzette Morris da abokan aikinta suka wallafa a 2018, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama na nahiyar, ya gano cewa kashi 39 cikin 100 na mutanen da aka tambaya suna da ciwon a lokacin tambayar, kashi 57 kuma sun yi shi a cikin shekarar da ta gabata.

A kwarin Rima dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Gulbin da ya ratsa Argungu ya gangara Birnin Kebbi ya shimfiɗa fadama mai faɗi, kuma noman shinkafa na rani ya ƙara bunƙasa bayan da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta na ba manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Kusan duk aikin shinkafa a sunkuye ake yin sa: dashe, cirar ciyawa, yanka da lauje, bugu, sannan dakon buhuna zuwa mota ko zuwa masana'antun casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu. Masunta, waɗanda sana'arsu ta haifar da bikin kamun kifi na Argungu da aka fara a 1934, suna yini suna jan homa da tuƙa kwalekwale. Mata suna daka, suna ɗiban ruwa, suna turara shinkafa da goyo a baya. Masu kabu-kabu kuwa suna shan jijjiga daga safe har dare. Da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya hana su ruku'u da sujada, ko ya hana su fita gona a tsakiyar aiki.

Kimanin kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ƙugu, ko an yi musu duk binciken da ke akwai, ba a iya nuna wani takamaiman wuri a ce ga inda ciwon ya fito. Yawancinsu suna samun sauƙi sosai cikin makonni shida, ko da yake ciwon yakan dawo.

Ginin ƙashin baya

Ƙashin baya jerin ƙasusuwa 33 ne: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sai 5 da suka manne da juna a kwankwaso da 4 ƙanana a ƙarshe. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi mai tauri a gefe da laushi a tsakiya, wanda ke aiki kamar matashi. Laka tana bi ta wani rami a bayan ƙasusuwan, tana ƙarewa a wajen ƙashin ƙugu na 1 ko na 2 ga baligi. Daga nan sai damin jijiyoyi da likitoci ke kira jelar doki saboda kamanninsa, kuma su ne ke tafiyar da ƙafafu, mafitsara da dubura. Idan faifai ya fashe ya danne jijiya, ciwo yakan sauka daga ɗuwawu zuwa ƙafa, wani lokaci da jin kamar minjirya ta kama mutum. Wannan ya fi faruwa a faifai biyu na ƙasa, inda nauyin jiki ya fi taruwa.

Na'urori da abin da kowace ke gani

Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a garin Würzburg na Jamus a watan Nuwamba na 1895. Eksire yana nuna ƙashi da kyau, amma ba ya nuna faifai, laka ko jijiya. Saboda haka a farkon shekarun 1920 likitocin Faransa Jean Sicard da Jacques Forestier suka fara zuba wani mai da ke fitowa a hoto cikin ramin laka, domin a ga inda hanya ta toshe. A 1934 William Mixter da Joseph Barr na birnin Boston a Amurka suka wallafa rahoton da ya tabbatar da cewa fashewar faifai na iya jawo ciwon da ke sauka ƙafa, kuma tiyata na iya magance shi. Tun daga nan hankalin likitoci ya koma kan faifai, har ya wuce gona da iri, kamar yadda binciken baya ya nuna.

Siti-sikan eksire ne da ke kewaya jiki, kwamfuta kuma ta haɗa hoton yanka-yanka. Godfrey Hounsfield ne ya ƙera na'urar, an fara gwada ta a kan mara lafiya a Landan a 1971, ta kuma iso Najeriya a 1987 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan. Ita ce ta fi dacewa da karaya, domin tana nuna ɓaraguzan ƙashi da inda suka nufa cikin 'yan mintuna.

MRI ba ya amfani da eksire ko kaɗan. Maganaɗisu mai ƙarfi da igiyoyin rediyo ne ke sa ruwan da ke cikin jiki ya ba da sigina, shi ya sa yake nuna faifai, laka, jijiyoyi, ɓargo da taruwar mugunya. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun sami kyautar Nobel a 2003 saboda aikinsu a kansa. Hoton ƙugu yakan ɗauki minti 20 zuwa 40 mutum na kwance ba motsi cikin ƙara mai yawa. Dole a tambayi mara lafiya ko akwai ƙarfe a jikinsa: batirin zuciya, harsashi, ko ɓarɓashin ƙarfe a ido, abin da ya shafi maƙera da masu walda.

Sikanin, wanda mata masu juna biyu suka fi sani, amon sauti yake amfani da shi kuma ba ya ratsa ƙashi. Duk da haka yana da amfani, domin ciwon ƙoda, tsakuwa, ciwon mahaifa da mugunyar da ta gangaro cikin tsokar ƙugu duk suna iya zuwa da sunan ciwon baya.

Akwai kuma batun radiyeshin. Eksiren ƙugu yana ba jiki kimanin milisibat 1.5, alhali hoton ƙirji guda ɗaya bai wuce 0.02 ba, siti-sikan na ƙashin baya kuwa yakan kai 6. Abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a shekara guda kimanin 2.4 ne. Hoto ɗaya ba abin tsoro ba ne, amma hasken eksiren ƙugu yana bi ta mara, don haka ake tambayar mace ko tana da ciki kafin a ɗauka, ake kuma guje wa maimaita shi ba dalili.

Abin da aka gani a bayan masu lafiya

Da MRI ya yaɗu, masu bincike suka yi wata tambaya mai sauƙi: me za a gani idan aka ɗauki hoton mutanen da bayansu ba ya ciwo? A 1994 Maureen Jensen da abokan aikinta suka wallafa amsar a New England Journal of Medicine. Cikin mutum 98 da ba su da ciwon baya, kashi 52 cikin 100 suna da faifan da ya kumburo, kashi 27 suna da wanda ya turo waje, kashi 36 kacal ne duk faifansu ke daidai. A 2015 Waleed Brinjikji da wasu suka tattara bincike 33 da ya ƙunshi mutum 3,110 marasa ciwo. Sun samu cewa zaizayewar faifai tana nan a kashi 37 na 'yan shekara 20, ta kai kashi 96 a 'yan shekara 80. Kumburin faifai ya tashi daga kashi 30 zuwa 84 a tsakanin waɗannan shekarun. Ma'ana, yawancin abin da ake rubutawa a sakamakon hoto furfura ce ta ciki: alamar shekaru ce, ba lallai cuta ba.

Haka abin yake ga eksire. Kalmar sifondilosis da ake yawan gani a takardar sakamako tana nufin ƙasusuwa sun yi 'yan tsiro a gefe, faifai ya ɗan rage kauri. Da wuya a ɗauki manomin da ya haura shekara 50 a rasa wannan, ko yana ciwo ko ba ya yi.

Sai tambaya ta biyu: shin wanda aka yi wa hoto ya fi saurin warkewa? A Ingila, Denise Kendrick da abokan aikinta sun raba marasa lafiya 421 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka yi wa rabi eksire. Sakamakon da aka wallafa a 2001 ya nuna waɗanda aka yi wa hoton ba su fi samun sauƙi ba, bayan wata uku ma sun fi kukan ciwo, amma sun fi gamsuwa da kulawar da aka yi musu. A 2009 Roger Chou da wasu suka haɗa gwaje-gwaje shida masu mutum 1,804 a mujallar The Lancet, suka tabbatar da cewa idan babu alamar haɗari, hoton gaggawa ba ya rage ciwo kuma ba ya saurin mayar da mutum bakin aikinsa.

Wannan gamsuwa da Kendrick ta gano ita ce tushen matsalar a ko'ina, har da ƙasar Hausa, inda mara lafiya kan ji ba a duba shi ba idan ba a yi masa hoto ko allura ba. Illar kuwa ba a kuɗin da aka kashe kaɗai take ba. Wanda aka ce masa ƙashinsa ya cinye yakan ji tsoron motsi, ya kwanta, ya daina aiki, kuma kwanciyar ce ke tsawaita ciwon. Wani ya shiga shan maganin kashe zafi mai ƙarfi irin tiramadol, wanda binciken shan ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya sa a sahun gaba cikin magungunan da kimanin 'yan Najeriya miliyan 4.6 ke sha ba bisa umarnin likita ba. Gwajin da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 2023 ya nuna irin waɗannan magunguna ba su fi ƙwayar da ba magani a cikinta amfani ba ga sabon ciwon baya.

Ko faifan da ya fashe ma sau da yawa yana janyewa da kansa. Nazarin da aka tattara a 2017 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na irin wannan faifai suna raguwa ba tare da tiyata ba, kuma abin mamaki, wanda ya fi fitowa waje shi ya fi saurin narkewa, domin jiki na ɗaukar sa a matsayin baƙon abu ya cinye shi.

Waɗanda hoto ya zama dole a kansu

Yawancin wancan binciken an yi shi ne a Turai, Amurka da Ostareliya, kuma an cire masu alamun haɗari kafin a fara. A kwarin Rima waɗannan alamun suna da nauyin da ya fi na can, saboda cututtukan da ke bayansu sun fi yawa. Alamun sun haɗa da zazzaɓi da gumin dare, rama ba dalili, ciwon da ke tayar da mutum daga barci kuma hutu ba ya rage shi, faɗuwa ko haɗarin abin hawa, tarihin kansa ko cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon baya mai tsanani ga yaro. Mafi gaggawa duka shi ne raunin ƙafafu da ke ƙaruwa, mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, da kasa yin fitsari ko kasa riƙe shi. Wannan na nufin an danne laka ko jelar doki, kuma awoyi ake ƙirgawa, ba kwanaki ba.

Tarin fuka na ƙashin baya shi ne kan gaba. Likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana shi a 1779, shi ya sa ake kiran sa cutar Pott. Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma kusan rabin tarin fukan da ke kama ƙashi da gaɓoɓi a baya yake sauka. Mai shi ba lallai ya yi tari ba. Ƙwayar cutar tana cin ƙasusuwa biyu maƙwabta daga gaba, a hankali, har su rufta, baya ya yi ƙusumbi, mugunya ta taru ta danne laka. Matsalar eksire a nan ita ce ba ya nuna komai sai kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye na ma'adinin ƙashin ya tafi, abin da kan ɗauki watanni. Saboda haka eksire mai kyau ba ya wanke wanda ke rama da zazzaɓin dare. MRI kuwa yana nuna canjin ɓargo da taruwar mugunya tun kafin ƙashi ya rufta. Maganin kyauta ne a ƙarƙashin shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa, ana shan sa wata 12 idan cutar a ƙashi take, kuma da yawa daga waɗanda ƙafafunsu suka fara rauni suna miƙewa idan an fara da wuri. Abin da ba ya dawowa shi ne ƙusumbin da ya riga ya fito.

Sikila ma tana da nata hoton. Toshewar ƙananan hanyoyin jini tana sa tsakiyar ƙashin baya ya lotsa sama da ƙasa, ya yi kama da harafin H a eksire. Wahalar ita ce bambanta mutuwar ƙashi saboda rashin jini da ciwon ƙashi na ƙwayoyin cuta, domin duka biyun suna zuwa da zafi da zazzaɓi, kuma ko a MRI suna iya kama da juna.

Tsargiya, wadda aka sani da fitsarin jini a garuruwan bakin gulbi da fadama, tana da wani salo da ba kowa ya sani ba. A wasu lokuta ƙwan tsutsar yakan ɓace hanya ya sauka a ƙarshen laka. Matashi masunci ko manomin fadama sai ya fara ciwon ƙugu, cikin kwanaki ƙafafu su yi rauni, fitsari ya tsaya. Eksire ba ya nuna komai. MRI na nuna ƙarshen laka ya kumbura, har a iya zaton ƙari ne. Abu ne da ba ya faruwa da yawa, amma maganinsa ƙwayar firazikwantel ce da maganin rage kumburi, don haka tambayar ko mara lafiya yana shiga gulbi tana da daraja kamar hoton kansa. Haka nan ga makiyaya da masu shan ɗanyen nono ana tuna cutar burusela, wadda ke kama ƙasusuwan ƙugu ta yi kama da tarin fuka.

Kansa takan bazu zuwa ƙashin baya, musamman ta mama ga mata da ta furostet ga dattawa maza, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara. Wani lokaci ciwon bayan ne farkon abin da ke kai mutum asibiti. Karaya kuwa ta fi zuwa daga haɗarin babur da mota ko faɗowa daga itace. A nan al'adar fara kai wa maɗori tana da haɗari na musamman: ɗorin hannu ko ƙafa daban, amma jan baya ko danna shi alhali ƙashin ya rabu yana iya tura ɓaraguzai cikin laka.

Magani da jagorar hoto

Reshe na biyu na fannin shi ne wanda likita ke kallon allura a allon na'ura tana shiga jiki. Ana amfani da fuloroskofi, wato eksire mai motsi, ko siti-sikan, ko sikanin.

Mafi shahara ita ce allurar efidural, inda ake zuba maganin rage kumburi na sitiroyid da na kashe zafi a kewayen jijiyar da aka danne. An fara zuba magani a wannan gurbi a Faransa a 1901, an kuma fara sa sitiroyid a Italiya a 1952. Dalilin neman jagorar hoto shi ne binciken da ya nuna cewa idan da laluben hannu aka yi, kusan allura ɗaya cikin huɗu ko fiye ba ta sauka inda ake nufi, ko da a hannun gwani. Amma isa wurin daban, amfani daban. Nazarin da Rafael Pinto da wasu suka wallafa a 2012 ya nuna allurar tana rage ciwon da ke sauka ƙafa kaɗan, na 'yan makonni, ba ta kuma canja yadda mutum zai kasance bayan shekara. Ga masu ƙuncin ramin laka na tsufa, gwajin Janna Friedly na 2014 a kan mutum 400 ya nuna ƙara sitiroyid bai fi maganin kashe zafi shi kaɗai ba bayan mako shida. Tana da haɗarinta kuma: a 2012 gurɓataccen maganin wannan allura ya sa mutum fiye da 750 rashin lafiya a Amurka, 64 suka mutu. Ba a yin ta ga wanda ake zargin yana da tarin fuka a baya, abin da ya sa tantancewa kafin allura ta fi muhimmanci a Najeriya.

Akwai kuma ƙona ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga gaɓoɓin bayan ƙashi, da allura mai ɗumama baki. Hukumar tsara ƙa'idojin magani ta Ingila ta amince da shi a 2016 ga waɗanda allurar gwaji ta rage wa ciwo, amma gwaje-gwajen da aka yi a Holan a kan mutum 681, aka wallafa a 2017, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakaninsa da motsa jiki shi kaɗai. Har yanzu masana na jayayya kan yadda aka zaɓi marasa lafiyar.

Zuba siminti na musamman cikin ƙashin da ya rufta ya faro ne a garin Amiens na Faransa a 1984 a hannun Pierre Galibert da Hervé Deramond, ya kuma yaɗu ga tsofaffi masu raunin ƙashi. A 2009 gwaje-gwaje biyu, ɗaya mai mutum 78 ɗaya mai 131, suka kwatanta shi da aikin kwaikwayo inda aka yi wa mara lafiya komai ban da zuba simintin, kuma duka ɓangarorin suka sami sauƙi daidai da juna. Wani gwaji na 2016 a Ostareliya ya ga amfaninsa ga karayar da ba ta wuce mako shida ba kuma ciwonta ya yi tsanani. Shi ya sa yanzu ake taƙaita shi ga zaɓaɓɓun marasa lafiya.

Aikin da ba a jayayya a kansa, kuma wanda ya fi dacewa da buƙatar yanki irin Kebbi, shi ne mafi ƙarancin suna: ɗebo samfuri da zuƙe mugunya. Hoto na iya cewa ƙashi ya lalace, amma ba koyaushe yake iya cewa tarin fuka ne, burusela ce ko kansa ba, alhali maganinsu ya sha bamban. Da jagorar siti-sikan ana shigar da allura cikin ƙashin a ɗebo ɗan abin da za a auna. Idan mugunya ta gangaro cikin tsokar ƙugu ko matsematsi, na'urar sikanin ta yau da kullum ta isa a zuƙe ta ba tare da an yanka ba. Ana iya sa abin da aka zuƙo a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, ta nuna ƙwayar tarin fuka cikin kimanin awa biyu, ta kuma faɗa ko tana jin maganin rifamfisin.

Asibitoci da hanyar mara lafiya

Mara lafiya daga ƙauyukan fadama yakan fara da kemis, ko wanzami ya yi masa ƙaho da tsaga, kafin ya isa cibiyar lafiya ta matakin farko ko babban asibitin Argungu. A Birnin Kebbi, mai nisan kimanin kilomita 50 daga Argungu, akwai asibitin tunawa da Sir Yahaya na gwamnatin jiha, da asibitin tarayya da aka ɗaga daga cibiyar lafiya zuwa asibitin koyarwa, sai kuma cibiyar lafiya ta jiha da ke Kalgo. Masu buƙatar tiyatar laka an daɗe ana tura su Sakkwato, kimanin kilomita 150 daga Birnin Kebbi, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ta yanki.

Ƙarancin MRI matsala ce ta yankin Afirka ta Yamma baki ɗaya. Binciken da Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙirga na'urori 84 kacal ga mutum sama da miliyan 370, 58 daga ciki a Najeriya, kuma 45 daga cikin na Najeriyar masu ƙaramin ƙarfin maganaɗisu ne. Masu babban ƙarfi suna buƙatar ruwan hiliyom mai sanyaya su da wutar lantarki da ba ta yankewa. Masu ƙaramin ƙarfin hotonsu bai kai na manyan kyau ba kuma sun fi ɗaukar lokaci, amma ga ƙugu sukan wadatar wajen ganin faifan da ya fashe, mugunya ko laka da aka danne.

Yawancin iyalai daga aljihunsu suke biya, duk da dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KECHEMA. Kuɗin hoto, kuɗin mota, abincin mai jinya da kwanakin da gona ta rasa duk a kan gida ɗaya suke sauka. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa a eksire biyu ko uku da ba su nuna komai ba sai alamun shekaru, shi ne sau da yawa ke rasa na MRI ranar da ƙafa ta fara ja. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 kan ciwon ƙugu mai daɗewa ta fi ba da ƙarfi ga bayani ga mara lafiya, motsa jiki, gashi da maganin rage kumburi na ɗan lokaci, abubuwan da ake iya samarwa a matakin farko.

Hukumar kula da makamashin nukiliya ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar 1995 ta fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin na'urorin eksire da siti-sikan. Masu ɗaukar hoto suna rajista da hukumarsu da aka kafa a 1987, ana kuma horar da su a jami'o'i da suka haɗa da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Bayero a Kano. Likitocin hoto, masu karanta sakamako da yin allurar, sun fi taruwa a manyan birane, shi ya sa tura hoto ta intanet ga likitan da ke nesa ya fara samun karɓuwa a asibitocin da suka koma na'urorin dijital.